Ba Zanenki Ba Ne, Sukurun Ne

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko a cikin mota kika buɗe ta, ko sai kin sauka Kaduna kin huta. Allah Ya tsare miki hanya, Ya tsare direba da duk wanda ke cikin motar, Ya sada ki da Goggonki Rabi cikin aminci. Na ba mahaifiyarki ta saka miki ita a jaka, domin abin da ke cikinta na yi shekara biyu ina neman bakin faɗa miki ban samu ba. Idan kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri ki bi shi a hankali.

Ran Talata ina alwalar la'asar a tsakar gida na ji kina waya da wata abokiyar karatunki. Kin ce mata idan kin zauna daram a wurin aikin nan da kika samu, za ki haɗa ƙaramin injin sassaƙa naki na kanki, mai bin umarnin kwamfuta, si-en-si kamar yadda kuke kiransa. Sai kika tambaye ta wane irin dogon sukuru za ki saya na tura kan injin gaba da baya, wanda ba zai fi ƙarfin aljihunki ba. Ina tsugune da buta, tsakanina da ke bai fi taku biyar ba. Duk garin Gaya babu wanda ya ɓatar da shekarunsa a kan wannan tambaya kamar ni, amma ba ni kika tambaya ba. Ban ga laifinki ba. Da ni ne ke, ni ma ba zan tambayi mutum irina ba. To amma amsar tana wurina, kuma ba ni da wani guzuri da zan ba ki sai ita. Zan faɗa miki yadda na same ta, ko da babu daɗin ji.

Kin tuna hutun da kika zo daga makarantarku ta Wudil kika nuna min bidiyo a waya, wani inji yana zana fure a jikin katako babu hannun kowa a kansa. Shekara talatin ina kafinta a lokacin, ina yin ƙofa da gado da sif, duk kwalliyar jikinsu da cizal nake fitar da ita. Abin da ke cin min sati biyu na ga inji ya gama shi kafin shayi ya huce. Kika ce, "Baba, za mu iya haɗa irinsa. Kai ka yi jikin, ni in yi wayoyi da kwamfuta." Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Kika zana min komai a takarda, kika nuna min cewa ƙarfin aikin yana kan dogayen sukuru guda uku: ƙaramin inji ya juya sukurun, notin da ke kansa ya yi tafiya, shi kuma ya ja kan injin hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Kika ja layi biyu a ƙarƙashin sunansu, kika ce in kula da su wajen saye. Ke kika faɗa min tun farko. Ina so ki san ban manta ba.

Na shiga birni layin masu ƙarafa, aka nuna min rumfar wani dattijo mai injin fiƙe ƙarfe, ana ce masa Malam Sale. Na ba shi takardarki, ya sa tabarau ya duba, ya ce wanda ya yi wannan zane ya san abin da yake yi. Ya ɗauko min iri uku ya jera a kan benci. Na farko siririn rodi ne mai tiredi, wato zaren murɗin da noti ke bi, tun daga sama har ƙasa, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan gini. Na biyu tiredinsa mai faɗi ne, kamar na jak ɗin ɗaga mota, da notinsa na tagulla. Na uku mai sheƙi ne, a cikin notinsa akwai ƙananan ƙwayoyin boris, idan ka tura shi da yatsa ɗaya sai ya sulale. Da na ji kuɗin na ukun ban sake kallonsa ba. Na biyun zan iya ɗaukar ɗaya ko biyu a ranar, in dawo wa sauran daga baya. Na farkon kuwa zan iya kwasar ukun duka har kuɗi ya yi saura. Na kai hannu kansa.

Malam Sale ya ce, "Malam Audu, wannan na ɗaure katakon rufi ne. An yi shi ne a ɗaure sau ɗaya a manta da shi. Kai kuma so kake ya wuni yana kai da komo. Ba zai yi wata biyu ba zai cinye notinsa."

Na ce, "Ai tiredi tiredi ne, Malam."

Ya ce, "To. Amma ka tambayi mai zanen tukuna."

Akwai mutane uku ko huɗu a rumfar suna jin mu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a ce ni, da furfurata, in koma gida in tambayi 'yar cikina abin da zan saya. Kullum ina gaya wa kaina arha ce ta ja ni. Ba arha ba ce kaɗai. Girman kai ne, da kuma son in shigo gida da yamma ɗauke da ƙarfe uku a kafaɗa ki ga ubanki ya gama komai a rana ɗaya. Da kika gan su kika ce, "Baba, irin wannan aka samu?" Na ce shi kaɗai ne a kasuwar. Ƙarya ta farko ke nan.

Saboda haka ga amsar tambayarki. Ki sayi na biyun, mai faɗin tiredi da notin tagulla. Aikin katako bai buƙaci mai boris ba, kada kowa ya ruɗe ki. Kafin ki biya, ki nemi gilashi ko tebur mai santsi ki mirgina shi a kai. Idan yana tafiya yana ɗingishi, ya lanƙwashe, ki ajiye. Ki ɗaura notin, ki riƙe sukurun da hannu ɗaya, ki girgiza notin da ɗayan. Idan kin ji ƙas-ƙas ko kaɗan ne, ba naki ba ne. Wanda zai ɗaga kan injin sama da ƙasa ki zaɓi mai matsattsen tiredi, domin idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki kan ba zai sulalo ya soki katakon ba. Idan kuɗinki bai kai na dogo mai kyau ba, ki rage girman injin ki sayi gajere mai kyau. Ni na yi inji mai faɗin ƙofa don a gani a yi magana, siririn rodin nan kuwa da ya fara gudu sai tsakiyarsa ta riƙa kaɗawa kamar bulala. Kuma idan wanda ya san abu ya faɗa miki gaskiya a gaban mutane, ki bar mutanen su ji. Za su watse su manta kafin magariba. Ni ban sake ganin ko ɗaya daga cikin mutanen rumfar nan ba, amma don su na yi abin da na yi.

Satin farko injin ya yi aiki. Ya zana da'ira, bakinta ya haɗu cif. Kika yi tsalle kamar ƙaramar yarinya, mahaifiyarki ta leƙo shago tana dariya, masu babur suka riƙa tsayawa kallo. Wannan satin shi ne mafi daɗi a rayuwata, kuma daga shi ban sake samun irinsa ba.

Bayan kin koma makaranta da 'yan makonni sai da'ira ta fara fitowa kamar ƙwai. Ganyen fure na dama ya fi na hagu ƙiba. Wata safiya na kashe komai na dafa kan injin da hannu, na tura shi. Ya motsa. Wuta a kashe, sukuru a tsaye, amma kan yana wasa gaba da baya kamar kaurin tsinken ashana. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin notin, na ga baƙin garin ƙarfe ya taru a wurin. Ƙarfe yana cin ƙarfe, yadda Malam Sale ya faɗa. A take na gane komai: duk lokacin da sukurun ya juya baya, sai ya ɗan yi juyin banza kafin ya kama notin, kwamfuta kuwa tana zaton an yi tafiya. Na share garin da tsumma. Na cusa giris. Na tashi na ci gaba da aiki, abin da inji ya ɓata in gyara da cizal da sanfefa kafin mai kaya ya zo.

Da kika dawo hutu kika ga wani fure da ban kai ga gyarawa ba. Kika ce, "Baba, me ya sa layin ba ya komawa inda ya taso?"

Na ce, "Ki duba lissafinki."

Hutun nan gaba ɗaya a gindin darbejiyar ƙofar shago kika yi shi da kwamfuta a cinya. Kika goge, kika sake, kika kira malamanku a waya, kika kwance wayoyin akwatin kika mayar ɗaya bayan ɗaya. Ina ciki ina kallon ki ta taga. Rana ɗaya kika shigo a hankali kika ce, "Baba, ko dai ƙarfen ne? In taɓa in gani?" Na tsaya tsakaninki da injin na ce, "Shekara talatin ina aikin hannu, yau ke za ki koya min ƙarfe?" Kika ce, "Allah Ya ba ka haƙuri," kika fita. Da na matsa gefe taku ɗaya a ranar, da yatsa biyu za ki gano abin da ni na riga na sani, da mun canza sukuru uku mun wuce wurin.

Uwata, a wurin aikin da za ki je akwai manya, akwai waɗanda suka girme ni a sana'a, kuma yawancinsu maza ne. Wata rana abu zai lalace, wani zai ce miki ki duba lissafinki. Ki duba sau ɗaya, don kowa yana kuskure. Idan kin ga daidai yake, ki tashi ki je ki kama ƙarfen da hannunki ki girgiza, ko wane ne ya tsaya a gabansa. Ki yi da ladabi, amma ki yi. Wanda ya hana ki taɓawa, akwai abin da ya sani. Wasan noti kuma yana da magani mai sauƙi: noti biyu a jere da sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan mai turawa, a tsakaninsu, ɗaya yana tura gaba ɗaya yana tura baya, babu sauran gurbin wasa. Ki yi wa sukurun rufi ko da na leda mai kauri ne, don garin katako idan ya haɗu da giris ya zama abin cin ƙarfe. Duk wannan na koye shi ne bayan ya daina yi min amfani.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Mutanen wata unguwa a Gafasa sun faɗaɗa masallacinsu, limaminsu Malam Yahuza ya ji labarin injina, ya zo har shago. Yana son allo babba a saman ƙofa, da aya a sassaƙe. Na ce zan yi sadaka, ladan ya kai ga mahaifina. Kin san maɗacin nan da kakanki ya dasa a gonarmu ta Balan, wanda na sa aka sare shekara guda kafin nan. Baffanki Isa bai so ba. Ya ce min, "Yaya, inuwar nan ita kaɗai ta rage mana ta Baba. A nan muke cin abinci idan ana noma." Na ce masa itacen zai yi abin da ya fi inuwa. A cikin duk katakon da aka fitar, guda ɗaya ne mai faɗin da zai ɗauki ayar a layi ɗaya. Shi na ware.

Ke kika yi zanen. Kin kwana nawa a kansa ban sani ba, amma na san kin kai wa malamarku ta Islamiyya ta bi shi harafi bayan harafi kafin ki ba ni. Za ki koma jarrabawa, kika ce, "Baba, don Allah ka jira ni, mu gwada ayar gaba ɗaya a katakon banza tukuna." Na ce to. Ban jira ba. Na gwada kalma ɗaya a guntun katako, ta fito da kyau saboda gajeriya ce, sai na ɗora na kakanki. Tun hantsi injin yake aiki har la'asar. Ya gama jikin haruffa, ya dawo farko don ya bi ya sassaka ɗigo. A wannan doguwar dawowar notin da ya riga ya cinye ya zame. Na ji ƙarar, ƙas, sau ɗaya. Ban tsayar da shi ba. Ɗigon farko ya sauka kusa da wurinsa, na gaba ya ɗan ƙara nisa, kafin a kai ƙarshen layi ɗigon wani harafi ya koma kan maƙwabcinsa.

Na yi karatun allo, na san harafi. Na tsaya a kan katakon nan na ga abin da na gani, sai na ce wa kaina ai a sama za a rataye shi, wa zai lura. Na goge shi, na shafa masa man ƙyalli, na naɗe shi da bargo. Kin dawo ran Alhamis kina ɗokin gani, na ce kada a buɗe, man bai bushe ba. Ran Juma'a muka ɗauki adaidaita zuwa Gafasa, kika roƙa ki bi ni, na kasa hana ki.

An sauko daga masallaci, mutane sun taru a ƙofa. Ke kika zauna a cikin adaidaita a bakin hanya saboda taron maza ne, amma ba nisa. Aka buɗe bargo, jama'a suka yi ta sa albarka. Malam Yahuza ya sunkuya ya ɗora yatsa yana bi yana karantawa a hankali. Ya kai wajen tsakiya ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Malam Audu, ɗigon nan ya bar wurinsa. Nan ma. Nan kuma harafin ya zama wani harafi daban. Maganar Allah ce, ba za mu iya rataye ta haka ba."

Wani daga baya ya ce, "Injin ne ya yi kuskure?"

Na ce, "Inji abin da aka ba shi yake yi. Yarinyar ce ta yi zanen."

Ban shirya faɗar haka ba, amma da bakina ta fito, kuma da ƙarfi ta fito. Wani dattijo ya ce ai shi ya sa, me ya kai yarinya mace rubutun aya da na'ura. Wasu suka juya suka kalli adaidaitar. Ban juya ba.

A hanyar dawowa allon yana tsakaninmu a naɗe. Mun wuce gonaki da yawa. Sai da muka hango Gaya kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ja maka kunya." Ke kika ba ni haƙuri. Na ce, "Ya wuce." Kalma biyun nan su ne mafi muni da na taɓa furtawa, sun fi ta gaban masallaci muni, domin a nan babu taron da zan ce shi ya tsorata ni. Daga ni sai ke sai direba.

Liman ya ce in fere rubutun, in tattara abin da na fere in binne a wuri mai tsarki. Na yi ta fere fuskar katakon har ya zama siriri, ba ya moruwa. Na zuba abin da na fere a buhu na kai gonarmu ta Balan, na haƙa rami kusa da kututturen maɗacin. Baffanki yana noma a ɗaya gefen gonar, ya dogara da fartanya yana kallo har na gama. Bai tambaye ni komai ba. Muna gaisawa har yau, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma bai sake taka ƙofar shagona ba, kuma yanzu a gindin kargo yake cin abincinsa, inuwar da ba ta rufe mutum ɗaya.

Mahaifiyarki ce ta faɗa min daga baya cewa kin so ki bar karatun injiniya, kin ce mata wataƙila kanki bai kai ba. Ita ta zaunar da ke ta hana. Ni da na san gaskiya ina ɗaki ina jin ku. Wani lokaci ina tunanin ai zanen yana cikin kwamfutarki, tabbas kin koma kin duba kin ga kowane ɗigo yana wurinsa. Idan haka ne, to kin daɗe da sanin abin da ubanki ya yi, kuma kullum safe kina zuwa ki gaishe ni kamar babu komai. Ban san wanne ya fi min ciwo ba, a ce kin sani ko a ce ba ki sani ba. A nan ba ni da wata shawara ta ƙarfe. Abin da zan ce kawai, idan aikin da kika sa hannu ya ɓaci a gaban jama'a, ki ce "ni ce" da wuri, kafin bakinki ya samo wani sunan. Baki yana da sauri, kuma sunan wanda ya fi kusa da ke, wanda kika san ba zai musa ba, shi yake fara kamawa.

Ko bayan wannan ban zo na same ki ba. Sai na ce bari in gyara injin a ɓoye, ran da ya dawo daidai in kira ki ki gani, mu ci gaba kamar ba a yi komai ba. Na koma birni, amma kunya ta hana ni bi ta rumfar Malam Sale. Na je wurin masu ƙarafan tsofaffin masana'antu na sayi mai boris na hannu, ƙato, wanda aka ciro daga wani mataccen inji. Na gwada shi a bakinsa na ji lafiya lau, ban kai notin tsakiya ba, inda ya yi shekaru yana aiki ya siɗe. Da na kawo shi ma nauyinsa ya fi ƙarfin ƙananan injinan da ke juya sukuru. Na ce bari in wanke shi ko zai yi sauƙi. Na juya notin har ya fita daga ƙarshen sukurun. Ƙwayoyin boris suka zubo gaba ɗaya, suka watsu a ƙasan shago cikin yashi da garin katako. Na aro rariyar mahaifiyarki na wuni a durƙushe ina tankaɗe ƙasa. Na samu wasu, ban samu sauran ba. Da azahar ta kawo min abinci ta same ni a haka, ta ajiye kwano ta ce, "Malam, abin da kake nema ba a ƙasa yake ba. Ka je ka yi wa yarinyar nan magana." Na ce ta bar ni da aikina.

Idan wata rana kin sayi na hannu, ki bi da notin tun daga wannan baki har wancan, ki fi tsayawa a tsakiya. Mai boris kuma kada ki taɓa fitar da notinsa daga jikinsa. Kada ki sayi abin da ya fi ƙarfin injinki don ki huce haushin arhar da kika yi a baya. Ni na yi, asara biyu ta zama. Kuma gyaran ƙarfe ba ya zama ban haƙuri. Ko da injin ya tashi a ranar, abin da na faɗa a Gafasa yana nan.

Yau injin yana ƙarƙashin tamfol a bayan shago, kaji suna ƙwai a ciki. Idona na dama ya yi yana, hannuna ba ya riƙe cizal minti goma. Masu son ƙofa mai kwalliya birni suke tafiya, ni sai gyaran benci da ƙafar kujera. Ba na jin zan sake yin wani aiki da za a tsaya a kalla, kuma na daina sa rai. Na kwance ƙananan injinan uku da akwatin wayoyin na sa miki a kwali, yana wurin mahaifiyarki. Lafiyarsu ƙalau. Duk abin da hannunki ya haɗa a injin nan bai taɓa ba da matsala ba ko sau ɗaya.

Juma'ar da ta wuce na hau babur na tafi Gafasa. Na ce kafin ki bar gida in je in mayar da maganar a inda na yi ta. Na tarar Malam Yahuza ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance a soro, ba ya gane mutane. Duk da haka na durƙusa kusa da kunnensa na faɗa masa komai. Yana kallon rufi. Na fito na je ƙofar masallaci bayan an sallame, na samu dattawa a zaune, na yi sallama na ce ni ne kafintan Gaya mai allo. Ɗayansu ya ce, "Au, baban yarinyar nan da ta ɓata aya?"

Na ce, "Ba ita ta ɓata ba. Zanenta daidai yake. Ni na sayi ƙarfen banza, na san ya lalace na ɓoye, na ga kuskuren da idona na kawo muku a haka. Ƙarya na yi mata."

Sai ya yi murmushi ya dafa gwiwata ya ce, "Allah sarki, uba ke nan. Ka ga yana son ya ɗauke wa 'yarsa. Ai ya wuce, Malam, yarinta ce, Allah Ya shirya mana su." Sauran suka ce amin. Na rantse musu, suka ƙara yaba min. Ƙaryar sau ɗaya na faɗe ta aka karɓa, gaskiyar na maimaita ta sau uku babu wanda ya ɗauka. Na hau babur na dawo. A garin nan haka sunanki zai zauna, kuma ni na zaunar da shi, ba ni da yadda zan ɗaga shi.

Saura ke kaɗai da za ki iya yarda da ni, shi ya sa na rubuta. Ba zanenki ba ne, Uwata. Bai taɓa zama zanenki ba. Kanki ya kai, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ba na neman ki ba ni amsa. Idan ranki bai sauko ba, kada ki ce kin yafe don kawai ni ubanki ne. Na fi son shirunki na gaskiya. Kuma kada tausayin tsufana ya sa ki bar aikinki ki dawo Gaya. Babu abin da ya rage a shagon nan da ya cancanci ki dawo dominsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki da wurin aiki. Ya kare hannuwanki daga bakin inji, Ya kare mutuncinki daga bakin mutane. Ya haɗa ki da shugabanni masu cewa "ni ne" idan sun yi kuskure. Ya sa wa abin da za ki ƙera albarka, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaishe da Goggonki da mutanen gidanta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Audu Kafinta, Gaya